Bakteriyar da ke gina jiki da iska da ma'adinai: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suka saba fitowa daga bakin ɗaliban ilimin ƙananan halittu a nan Katsina, musamman idan jarrabawa ta ƙarato, da wasu da manoma da masu kiwon kifi kan yi ba tare da sanin cewa darasi ɗaya suke tambaya da ɗaliban ba. Na haɗa su wuri guda saboda amsar wata tana cikin wata. Sunayen halittu na bar su yadda suke a littattafan darasi, tunda haka za a tambaye su.

Malam, wai waɗanne irin halittu ne ake magana a kansu?

Kowace halitta tana buƙatar abu biyu daga waje: makamashin da za ta yi aiki da shi, da sinadarin kabon da za ta gina jikinta. Mu da dabbobi abu ɗaya ke ba mu duka biyun. Tuwon dawar da ka ci, wani kaso ya ƙone ya ba ka ƙarfi, wani ya zama tsoka. Ita dawar kuwa raba hanya ta yi: makamashi daga hasken rana, kabon daga iskar kabon dayoksaid da ake rubutawa CO2.

Akwai rukuni na uku. Su ma daga CO2 suke ɗibar kabon kamar tsirrai, sai dai ba ruwansu da rana. Makamashinsu daga sinadaran da ba na abinci ba yake fitowa: amoniya, naitirait, farar wuta, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, narkakken ƙarfe a ruwa, ko iskar haidirojin. A littafi za ka ga an kira su kemolito-ototirof. Yawancin waɗanda aka fi sani bakteriya ne, wasu kuma daga dangin akiya suke, waɗanda a madubin ƙara girma ba za ka bambance su da bakteriya ba amma asalinsu daban.

Yaya amoniya ko ƙarfe zai ba halitta ƙarfi?

Abin da jikinka ke yi da sukari shi ne ya zare masa ilektiron ya miƙa su ga iskar oksijin ta wata sarƙar furotin da ke jikin tantanin ƙwayar halitta. A kan hanyar ake samar da ATP, sinadarin da duk wani aiki na cikin ƙwayar halitta ke tafiya da shi. To, ba sukari kaɗai ke da ilektiron na bayarwa ba. Nitrosomonas na zarar su daga amoniya ta mayar da ita naitirait. Nitrobacter da Nitrospira su karɓi naitirait su mayar da shi naitiret. Beggiatoa da Thiobacillus suna aiki da sinadaran farar wuta. Acidithiobacillus ferrooxidans tana zarar ilektiron ɗaya tak daga kowane ƙwayar narkakken ƙarfe, ta bar shi a matsayin da ke zama tsatsa. Sarƙar iri ɗaya ce da tamu a tsari, abin da ake zuba mata ne ya bambanta.

Wa ya fara gano haka?

Tun a 1877 wasu masana biyu na Faransa, Schloesing da Müntz, suka zuba ruwan ƙazanta ta cikin dogon bututu cike da yashi, suka ga amoniyar ciki na komawa naitiret. Da suka sa kulorofom sai aikin ya tsaya cak, alamar cewa mai rai ne ke yin sa. Wanda ya warware zaren shi ne Sergei Winogradsky, haifaffen Kiyef a 1856. A 1887, yana aiki a Strasbourg, ya lura cewa Beggiatoa na tara ɗigo-ɗigon farar wuta a cikinta idan akwai iskar mai wari, idan aka yanke mata iskar kuma ɗigon su ɓace. Ya ce wannan halitta da farar wuta take numfashi. A wajajen 1890 a birnin Zurich ya raini bakteriyar amoniya a ruwan da babu ko ɗigon abinci a ciki, sai gishirin ma'adinai da kabonet, suka kuma hayayyafa. Kafin wannan lokaci an ɗauka koren ganye da hasken rana ne kaɗai ke iya mayar da CO2 jiki mai rai.

To shi kabon ɗin, yaya suke mayar da iska ta zama jiki?

Nan ne gizo ke saƙar, kuma nan ɗalibai suka fi faɗuwa. CO2 kabon ne da ya riga ya ƙone ƙurmus, babu sauran makamashi a cikinsa. Kafin ya zama sukari ko furotin sai an kashe masa abu biyu: ATP, da kuma ilektiron masu ƙarfi waɗanda sinadarin NADH ko ɗan'uwansa NADPH ke ɗauke da su.

Hanyar da ta fi yawa a tsakanin masu rayuwa cikin oksijin ita ce zagayen Calvin, wadda Melvin Calvin da Andrew Benson da James Bassham suka gano a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ta amfani da kabon-14. Calvin ya samu kyautar Nobel a 1961. Ita ce dai hanyar da ganyen wake da na dalbejiya ke bi, kuma ita Nitrosomonas da Nitrobacter da Thiobacillus da Acidithiobacillus ke bi. Wani inzayim, wato furotin mai hanzarta aikin sinadarai, mai suna RuBisCO yakan kamo CO2 ɗaya ya haɗa shi da wani sukari mai kabon 5, abin da aka samu ya tsage biyu, kowanne mai kabon 3. Sai a kashe ATP da NADH a gyara su. Cikin kowane shida da aka samu, ɗaya ne kaɗai riba, biyar ɗin komawa suke a sake ƙera sukarin farko domin zagayen ya ci gaba. Lissafin da ya kamata ka riƙe: CO2 guda 3 na cin ATP 9 da NADH 6 kafin a fitar da sukari ɗaya mai kabon 3. Na gulukos ɗaya, ninka shi biyu, ATP 18 da NADH 12.

Shi kansa RuBisCO ba gwani ba ne. 'Yan ƙwayoyin CO2 kaɗan yake iya kamawa a daƙiƙa guda, alhali akwai inzayim da ke yin dubbai. Sannan yakan yi kuskure ya kamo oksijin a madadin CO2, abin da ke jawo asarar makamashi wajen gyara ɓarnar. Dabarar da yawancin bakteriyar nan suka samu ita ce su tara RuBisCO cikin wasu ƙananan akwatunan furotin da ake kira kabokzisom. Sukan jawo baikabonet, wani nau'in narkakken CO2, daga ruwa su cika ƙwayar halittar da shi, idan ya shiga akwatin wani inzayim ya mayar da shi CO2 daidai bakin RuBisCO, har oksijin ya rasa wurin kutsawa. A 1973 aka fara ware waɗannan akwatuna, daga bakteriyar farar wuta da yanzu ake kira Halothiobacillus neapolitanus. A lura da maganar baikabonet ɗin nan, za ta dawo a wajen masu kifi.

Hanyar Calvin ce kaɗai ke nan?

A'a, kuma ba ita ce mafi arha ba. A 1966 Evans da Buchanan da Arnon suka nuna cewa zagayen Krebs, wanda a jikinmu yake farfasa abinci ya fitar da CO2, wasu bakteriya suna juya shi baya ya riƙa haɗiye CO2. Nitrospira haka take yi, da yawancin mazauna maɓuɓɓugan ruwan zafi na ƙarƙashin teku. Akwai kuma hanyar Wood da Ljungdahl, wadda ba zagaye ba ce, miƙaƙƙiya ce: a ɗauki CO2 biyu, ɗaya a mayar da shi metil, ɗayan a mayar da shi kabon monoksaid, sai wani inzayim mai ɗauke da nikel da ƙarfe da farar wuta ya haɗe su. Kabon monoksaid ɗin nan shi ne gubar hayaƙin janareta da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki, ga shi a wurin wasu halittu tubalin gini ne. Akiyar da ke samar da iskar mitan daga haidirojin da CO2, da bakteriyar da ke samar da asid ɗin binega a inda babu iska, wannan hanya suke bi. Bayan waɗannan akwai wasu zagaye uku da aka gano daga baya, biyu daga ciki a 2007 da 2008 a wurin akiya, sai hanyar gilaisin da aka tabbatar a 2020.

Idan aka auna kuɗin haɗa ƙwayar fairubet ɗaya, wani sinadari mai kabon 3, hanyar Calvin na cin ATP 7, juyayyen Krebs kusan 2, Wood da Ljungdahl kusan 1. Mai hankali zai tambaya, me ya hana kowa bin mai arhar? Oksijin ne. Inzayim ɗin hanyoyi masu arha suna ɗauke da ƙarfe da farar wuta a tsarin da oksijin ke lalatawa nan take. Saboda haka wanda ke zaune cikin taɓo ko tumbin saniya, inda makamashi ya yi ƙaranci amma babu iska, yana bin mai arha. Wanda ke saman ƙasar gona, inda iska ke ratsawa, yawanci sai ya biya tsadar Calvin. Idan malami ya tambaye ka dalilin yawan hanyoyin, amsar da ta fi ƙarfi ke nan.

Me ya sa ake cewa ba sa saurin girma?

Matsala biyu suka haɗu musu. Ta farko, abincin nasu ba shi da auki. Makamashin da ke fita idan an mayar da naitirait naitiret ɗan kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da na sukari. Ta biyu ta fi tsanani. Domin haɗa kabon suna buƙatar NADH, amma ilektiron ɗin da ke fitowa daga naitirait ko ƙarfe ba su da ƙarfin da za su hau kan NAD da kansu su mayar da shi NADH. A ma'aunin masana, NADH na kan -0.32 na bolt, naitirait na wajen +0.43, ƙarfe +0.77, oksijin +0.82. Ilektiron daga ƙaramar lamba zuwa babba yake gangarawa da kansa. Komawa baya sai an tura shi da ƙarfi, kuma ƙarfin daga ɗan abin da aka samu wajen gangarar sauran ilektiron ɗin ake cire shi. Halinsu ɗaya da mai noman rani a gefen dam ɗin Jibiya wanda gonarsa ke kan tudu: ruwa ba ya hawa sai da inji, kuɗin man injin kuma daga amfanin gonar zai fito.

Sakamakon shi ne suna sarrafa tulin sinadari kafin su ƙara ɗan jiki. Tsoffin littattafan ilimin ƙasar noma sun ƙiyasta cewa Nitrosomonas na ƙona ƙwayoyin amoniya wajen 35 kafin ta kama kabon ɗaya, Nitrobacter kuma naitirait wajen 100. E. coli, bakteriyar hanji, na iya rabuwa biyu cikin minti 20 idan ta samu abinci. Nitrosomonas ko a ɗakin gwaji sai ta yi awa 7 zuwa 8, a gona kuwa kwana ɗaya ko fiye. Bakteriyar anamoks, masu haɗa amoniya da naitirait su fitar da iskar naitirojin, sukan kai kusan mako biyu. Duk sauran abin da zan faɗa a ƙasa daga nan ya samo asali: ba su da yawa, ba sa sauri, amma saboda tsadar kabon a wurinsu, abin da suke juyawa ya ninka girman jikinsu nesa ba kusa ba.

Idan aka zuba musu sukari ba za su huta da wannan wahala ba?

Wasu za su karɓa hannu biyu. Paracoccus denitrificans da Cupriavidus necator idan akwai abinci sai su ci, su kashe aikin RuBisCO, idan ya ƙare su koma haidirojin da CO2. Wasu kuma haɗawa suke, makamashi daga ma'adinai, kabon daga ɗan abin da ya samu a ruwa. Amma akwai 'yan gani-kashe-ni irin su Nitrosomonas europaea da Halothiobacillus neapolitanus, waɗanda ko ka cika musu kwalba da gulukos ba za su rayu da shi kaɗai ba. A 1967 Smith da London da Stanier suka kawo bayanin cewa a irin waɗannan halittu zagayen Krebs yankakke ne, ba su da aikin inzayim ɗin da ke sarrafa alfa-kitogulutaret, ɗaya daga sinadaran zagayen. Zagayen sai ya zama rassa biyu masu samar da kayan gini kawai, ba na ƙona abinci ba. Da aka zo karanta ƙwayoyin gadonsu an ga wasu suna da umarnin ƙera inzayim ɗin, abin da suka rasa shi ne ƙofofin shigar da sukari ta tantaninsu. A jarrabawa ka kawo dalilan biyu, kada ka tsaya kan na 1967.

Ni manomi ne a ƙasar Daura. Ina ruwana da wannan karatu?

Alhaji, ruwanka har wuya, domin buhun yuriyar da ka saya da tsada su ne ke yanke hukuncin inda zai ƙare. Yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce. Da ta taɓa ƙasa mai laima, cikin 'yan kwanaki ta koma amoniyom, wato narkakkiyar amoniya. Idan a sama ka watsa ta ba ka binne ba, wani kaso ya tashi iska tun a nan. Wanda ya rage, yumɓu da ruɓaɓɓen taki suna riƙe shi, domin amoniyom na manne musu. Sai bakteriyar nan su zo. A ƙasa mai ɗumi da laima, irin ta daminarmu, cikin makonni kaɗan sun mayar da mafi yawansa naitiret. Shuka na shan naitiret sosai, babu laifi a nan. Laifin shi ne naitiret ba ya manne wa ƙasa, duk inda ruwa ya bi yana biye. A jigawar Daura da Zango da Mai'aduwa da Ɓaure, inda yashi ya fi yumɓu, ruwan Agusta guda mai ƙarfi kan gangara da shi ƙasa da inda saiwar gero ke kaiwa.

Shi ya sa malaman gona ke nanata a raba taki kashi biyu ko uku, a binne shi gefen shuka, kada a zuba duka lokaci guda. Ba son wahalar da mutane ba ne. Shuka ƙarama ba za ta iya shanye abin da bakteriya ke saki a lokacin ba. Shi ya sa kuma gonar da ake kai wa takin gida take riƙe na zamani fiye da wadda ba a kai wa.

Akwai abu na biyu da ba a cika faɗa ba. Duk amoniyom ɗaya da suka mayar naitiret, suna sakin ƙwayoyin asid biyu. Shekara da shekaru ana zuba yuriya ko salfet na amoniya a ƙasa mai yashi ba tare da takin dabbobi ko toka ba, ƙasar kan yi tsami, manomi ya ce gona ta gaji. A wajen aikin kuma sukan fitar da ɗan naitiros oksaid, iskar da ta fi CO2 riƙe zafi sau kusan 270.

Ba yadda za a rage musu hanzari?

Akwai, kuma biyu daga hanyoyin suna tsaye a gonakinmu. Man 'ya'yan dalbejiya da tunkuzarsa suna rage aikin bakteriyar amoniya. Indiya ta ɗauki abin da muhimmanci har a 2015 ta wajabta a shafe duk yuriyar da ake sarrafawa a ƙasar da man dalbejiya. Mu kuma ga itacen a kowane titi na Katsina, 'ya'yan na zuba ana sharewa. Ta biyu dawa ce. Saiwarta na fitar da wani sinadari mai maiƙo da ake kira sogoliyon, wanda gwaji ya nuna yana dakushe Nitrosomonas, kuma irin dawa ya bambanta wajen yawan fitar da shi. Ga mai shinkafa a fadama kuwa, dunƙulen yuriya da ake cusawa cikin taɓo na aiki ne saboda can ƙasa babu oksijin, bakteriyar ba sa iya taɓa shi. A ganina binciken dalbejiya da yuriya a kan ƙasar jigawa ya fi yawancin batutuwan da ɗalibanmu ke zaɓa amfani.

Su ne waɗanda ke cikin ƙululun saiwar wake da gyaɗa?

Ba su ba ne. Waɗancan Rhizobium ne da danginsa. Suna kamo naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su da abin da ganyenta ya haɗa. Kabon ɗinsu daga shuka yake.

Suna sa cuta?

Bakteriyar amoniya da naitirait da ƙarfe ba a san su da kama mutum ba, babu abincinsu a jikinmu. Illar daga abin da suke bari take zuwa. Idan masai ko turken dabbobi na kusa da rijiya marar zurfi, amoniyar fitsari da kashi takan koma naitiret ta tsiyaya cikin ruwan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 50 na naitiret a litar ruwan sha, musamman saboda jarirai 'yan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da ruwan. A cikinsu naitiret kan koma naitirait ya hana jini ɗaukar oksijin, leɓen yaro ya yi shuɗi. Ruwan ba ya canja launi ko ɗanɗano, kuma tafasawa ba ta cire naitiret, ƙara masa kauri ma take idan ruwan ya ƙone. Gwaji kaɗai ke nunawa.

Malam, ina kiwon tarwaɗa a tanki a Katsina. Sabon tanki kifi na mutuwa, tsoho kuma lafiya. Me ke faruwa?

Hajiya, kifi ta gaɓar numfashinsa yake fitar da amoniya, ragowar abinci ma ita yake zama. A tsohon tanki mai matatar ruwa, bakteriyar nan sun riga sun lulluɓe duwatsu ko robobin matatar, suna kwashe amoniyar. A sabo babu su, kuma kin ji yadda suke jan ƙafa wajen hayayyafa: matata kan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin ta nuna. Da farko amoniya ke hawa, sai ta sauka naitirait ya hau, domin rukuni na biyu sai na farko ya samar musu abinci suke farawa. Naitirait ke sa jinin kifi ya koma ruwan ƙasa. Ki fara da kifi kaɗan da abinci kaɗan, ki ɗebo wasu duwatsun tsohuwar matata mai lafiya ki zuba a sabuwa, kada kuma ki wanke matata da ruwan famfo mai kulorin.

Suna da buƙata biyu da ake mantawa. Kowane giram na naitirojin da suka sarrafa yana cin oksijin kusan giram 4.6, don haka idan wuta ta ɗauke injin iska ya tsaya, su ma sun tsaya. Sannan yana cinye kusan giram 7 na abin da ke tare tsami a ruwa. Baikabonet shi ne mai tare tsamin, shi ne kuma inda suke ɗibar kabon. Idan ya ƙare ruwan ya yi tsami, aikinsu ya lafa. Masu tsarin juya ruwa kan ƙara bekin soda kaɗan-kaɗan suna aunawa. Na ji masu cewa a jefa kanwa. Kanwa na iya ɗaga pH, wato ma'aunin da ke hawa idan tsami ya ragu, da sauri, kuma idan pH ya hau amoniya ta fi zama guba, saboda haka ban ba da shawarar a yi ta da ka ba.

Jan kumfa mai yauƙi a bututun burtsatse, da murfin sokawe da ke zagwanyewa, duk aikinsu ne?

Sau da yawa, e. Ruwan ƙarƙashin ƙasa mai narkakken ƙarfe idan ya haɗu da ɗan oksijin, irin su Gallionella kan zauna daidai wurin su tara tsatsa mai yauƙi har ta toshe bututu. A sokawe kuma, ƙasa cikin ƙazantar wasu bakteriya na fitar da iskar mai warin ƙwai, a sama jikin siminti mai laima masu cin farar wuta su mayar da ita asid ɗin salfa, irin na ruwan batir. Wani masani a Melbourne ta Ostireliya, C. D. Parker, shi ya nuna haka a 1945 a bututan ƙazantar birnin. Bututun fitar da iska a sokawe ba don wari kaɗai ake sa shi ba.

Gaskiya ne akwai wuraren da rayuwa ke tafiya babu rana sam?

A 1977 jirgin nutso mai suna Alvin ya sauka zurfin mita kusan 2,500 kusa da tsibiran Galapagos, ya tarar da maɓuɓɓugan ruwan ɗumi kewaye da halittu cunkus. Daga ciki akwai wata tsutsa, Riftia pachyptila, mai kai tsawon mita 2, ba ta da baki ba ta da hanji. A 1981 Colleen Cavanaugh, tana ɗaliba a Harvard, ta nuna cewa cikin tsutsar cike yake da bakteriyar farar wuta. Jan jinin tsutsar ke kai musu oksijin da salfaid, su haɗa kabon su ciyar da ita. An gano daga baya cewa suna da zagayen Calvin da juyayyen Krebs duka biyu.

Sai dai a yi hattara da cewa babu ruwansu da rana. Oksijin ɗin da suke amfani da shi daga tsirrai da gansakukar saman teku ya gangaro. Misalin da ya fi kusa da cikakken 'yanci a Afirka yake: Desulforudis audaxviator, da aka bayyana a 2008 daga ruwan mahaƙar zinare ta Mponeng a Afirka ta Kudu, zurfin kilomita 2.8. Haidirojin ɗinta daga ruwan da tururin yuraniyom na duwatsu ke farfasawa yake, da salfet take numfashi, tana kuma da hanyar Wood da Ljungdahl ta kama kabon.

An ce ana haƙar ma'adinai da su?

Ana yi. A Chile ana tara dutsen tagulla tsibi-tsibi a yayyafa masa ruwa mai tsami, bakteriyar ƙarfe da farar wuta su narkar da tagullar. Zinaren da ke kulle cikin dutsen salfaid ma ana buɗe shi haka a manyan tankuna. An fara a mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu a 1986, aka gina babba a Obuasi ta Ghana a 1994. Ba sana'ar mai diga da shebur ba ce, tana son tankuna da iska da awo. Aikin nan nasu kuma shi ke sa ruwan da ke fita daga tsoffin ramukan ma'adinai ya yi ja da tsami ya ɗauko ƙarafa masu guba.

Za a kai lokacin da mutum zai ci abin da suka haɗa?

An fara. Kamfanin Solar Foods na ƙasar Finland yana rainon bakteriyar haidirojin da CO2, ya busar da su su zama gari mai furotin da ya sa wa suna Solein, wanda Singafo ta amince a sayar a 2022. LanzaTech kuma na amfani da Clostridium autoethanogenum, wadda aka fara samu a kashin zomo, tana mayar da hayaƙin masana'antar ƙarfe etanol ta hanyar Wood da Ljungdahl. Masana'antarsu ta farko ta kasuwanci a Sin ta fara aiki a 2018. An zaɓi masu haidirojin ne saboda su ilektiron ɗinsu na hawa kan NAD kai tsaye, ba sa biyan kuɗin turawa baya, shi ya sa suke saurin girma. Amma haidirojin ɗin da wutar lantarki ake fasa ruwa a same shi. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wake da waken suya sun fi kusa da tukunya.

Ni ɗaliba ce, ina son yin aikin kammala karatu a kansu, kuma ɗakin gwajinmu ba kayan kirki. Ta ina zan fara?

Da tulun Winogradsky. Ki samo taɓo daga gefen dam ɗin Ajiwa ko na Sabke, ko wani kududdufi da ba ya ƙafewa. Ki cuɗa rabinsa da yayyagaggiyar takarda, da gwaiduwar dafaffen ƙwai ko garin jifsom, da dakakken ɓawon ƙwai ko alli. Ki dandaƙa shi a ƙasan doguwar gorar roba mai haske, ki ƙara taɓo zalla a kai, sannan ruwan wurin, ki bar ɗan fili a sama, ki rufe ba da ƙarfi ba. A ajiye inda haske ke shiga amma ba cikin ranar Katsina tsirara ba, za ta dafa shi. Bayan mako huɗu zuwa takwas za ki ga ƙasa ta yi baƙi, sama da ita kore da shunayya. Kore da shunayyar masu amfani da haske ne, ba namu ba. Namu suna can sama inda iskar mai wari ke haɗuwa da oksijin, farin yaɗi-yaɗi ko launin tsatsa.

Idan masu amoniya kike so, ki haɗa ruwan gishirin ma'adinai da salfet na amoniya da garin alli, babu sukari babu fefton, garin furotin ɗin da ake ciyar da bakteriya, ki jefa ɗan ƙasar gona, ki ajiye a duhu domin haske na dakushe su. Duk mako ki ɗiga sinadarin Griess a ɗan samfuri: idan ya koma ruwan hoda, naitirait ya samu. Kada ki jira kwalbar ta yi gurɓi yadda ta E. coli ke yi, da wuya ki ga hakan. Ki kwatanta ƙasar gonar dawa da ta masara, ko mai tunkuzar dalbejiya da marar ita, ki kuma ajiye kwalba ɗaya da aka dafa ƙasarta domin shaida. Ki fara tun zangon farko, don wata guda ba zai isa ba. Idan kuma kika shafa samfurin a kan abincin bakteriya na yau da kullum kika ga tsiro washegari, wasu ne daban da suka biyo ƙasar, kada ki rubuta su da sunan Nitrosomonas.